Zamani Riga: Fataucin Bakin Iyaka Jiya da Yau

Masu iya magana kan ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Duk wanda ya dubi tarihin kasuwancin garinmu Babban Mutum, da ke Ƙaramar Hukumar Ɓaure a masarautar Daura, zai gaskata wannan zance.

Kafin zuwan Turawa, ayarin jakuna da raƙuma ne ke ratsa ƙasar nan tsakanin Kano da Damagaram, ɗauke da kanwa da gishiri da fatu da tufafi. Jarin falke a wancan zamani shi ne sanin hanya da amanar fatoma. Daga 1906 zuwa 1908, Ingila da Faransa suka shata iyaka, aka wayi gari hanyar Magariya ta zama hanyar wata ƙasa, mai kuɗinta daban da harajinta daban.

Babban sauyi ya zo da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Turawa sun sa ran auduga, amma manoma suka zaɓi gyaɗa saboda ta fi riba. Fataken da suka fahimci haka da wuri su suka ci kasuwa. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya koma sayen gyaɗa ta hannun wakilai a ƙauyuka, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Daga baya mota ta ture jaki daga dogon zango. Wanda ya sayi mota, ko ya haɗa kai da mai ita, ya riga abokan gasarsa isa kasuwa.

Gyaɗar ma ba ta dawwama ba. Farin 1973 da cutar da ta auka mata a 1975 suka rushe dalar Kano. 'Yan kasuwar bakin iyaka suka ƙara ƙarfi wajen dabbobi da wake da hatsi, daga bisani riɗi da aya suka samu shiga. Rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, da karya darajar sefa da rabi a 1994, sun nuna cewa ribar da ta dogara ga bambancin naira da sefa kaɗai ba ta da tushe. Zuwan wayar salula a 2001 ya rage cinikin duhu, domin mai saye kan ji farashin Dawanau kafin ya taya buhu. An sake rufe iyaka a 2019, sannan a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024, kuma jarin jama'a da dama ya karye.

To, 'yan uwa mazauna birane, darasin a fili yake. Mai sayar da ɗanyen kaya kullum yana hannun mai saye ne da mai rufe iyaka. Ribar gaske tana wajen mai gyara riɗi, da mai matse man gyaɗa, da mai rumbun ajiya. Ilimi da jarin da muka samu a birni, gida ya fi kowa bukatarsu. Idan muka yi jinkiri, wasu za su zo su ci kasuwar a ƙofar gidanmu. Allah Ya albarkaci nemanmu, amin.