Daga Raƙumi Zuwa A Daidaita Sahu: Tarihin Cunkoso da Hayaƙi a Fagge da Sabon Gari



Duk wanda ya ratsa Bata ko 'Yan Kura da la'asar ya san abin da ake kira cunkoso, ya kuma shaƙi hayaƙinsa. Manufata a wannan lacca ita ce in nuna cewa wannan hali yana da dogon tarihi, wanda in ba a san shi ba, da wuya a dace da magani.

Bisa ga abin da aka ruwaito, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) Fagge take zangon fatake, inda ayarin Azbinawa kan sauke gishiri a bayan ganuwa. Hanyoyinta na raƙumi da jaki ne. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa. Cinikin gyaɗa ya jawo kamfanoni da Kwarori suka kafa kantuna kusa da tasha, daga nan Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari suka bunƙasa. Wato an tara cinikin babban yanki a ɗan fili guda, bisa dogaro da cewa jirgi ne zai riƙa ɗaukar kaya.

Tsarin raya birni na Trevallion, na 1963 zuwa 1983, ya yi ƙoƙarin hango gaba, amma kuɗin man fetur sun riga shi. Kano ta zama hedkwatar jiha a 1967, kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Motoci da babura suka yawaita, jirgin ƙasa ya ja da baya, manyan motoci suka gaji kayansa, suna saukewa a titunan da ba domin su aka yi ba.

Da tattalin arziki ya ƙuntata bayan 1986, kuma babu isassun bas-bas na gwamnati, sai acaɓa ta cike giɓin. Yawancin baburan lokacin suna ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa hayaƙinsu yake da kauri. A 2005 aka shigo da A Daidaita Sahu, a Janairun 2013 kuma, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa. Kekuna masu ƙafa uku suka maye gurbinta, cunkoso ya sake kama.

Daɗin daɗawa, ga hayaƙin janareto a kowane layin kasuwa, ga hazon hunturu da ke tsare shi kusa da ƙasa. Masu ɗanɗana kuɗarsa su ne 'yan dako, da 'yan talla, da 'yan KAROTA, waɗanda kan wuni a bakin titi, har tari da asma su zame musu abokan zama.

Gadar sama ta titin Murtala Muhammad ta sauƙaƙa wa mai wucewa, amma ba ta rage masu shiga kasuwa ba. A ganina, darasin tarihi a fili yake: a fitar da saukar manyan kaya bayan gari, a farfaɗo da jirgi, a samar da bas-bas masu tsari. Wannan aiki ne na ku ma'aikatan yau da ku ɗalibai, ma'aikatan gobe.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.