Tanki Ɗaya Zai Kai Ka Ina? Tarihin Lissafin Gas a Gonakin Kura da Bunkure

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hayar tarakta a yankin Kura ko Bunkure ya san inda ciniki yake cijewa, wato wajen gas. Mai tarakta ya ce jarka biyu, manomi ya ce ai bara ɗaya da rabi ta isa wannan gonar. Shi ma direban a-kori-kura da ke kwaso tumatir daga cikin gonaki zuwa Kwanar Gafan zai gaya maka motarsa ba ta da shan mai a kan kwalta, amma da zarar ya gangara hanyar gefen kanal sai allurar mai ta riƙa yin ƙasa kamar an huda tankin.

Gas ɗin nan shi ne man dizal. Tambayar nisan da tanki ɗaya zai kai mota, ko yawan gonar da zai nome, ta fi shekara 100 tana haɗa masu ƙera injuna da masu amfani da su gardama. Bari mu bi tarihinta, mu ga dalilin da ya sa lambar da ke takardar kamfani ba ta cika yin daidai da abin da ake gani a gona ba.

Ruwa kyauta yake tafiya, garma kuwa sai da mai

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, a daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Daga nan aka ja ruwa ta babban kanal, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin gonakin da a yau suke ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. A Kadawa aka fara gwajin aikin, sannan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓi kula da shi. Kashin farko na shirin an tsara shi ne a kan hekta 22,000.

Babbar hikimar aikin ita ce ruwan da kansa yake gangarowa. Tiga ta fi gonakin tudu, don haka ba a buƙatar injin da zai turo shi cikin babban kanal. To amma ruwa kaɗai ba ya noma. Kafin ya shiga gona sai da manyan katafila suka baje ƙasa suka daidaita ta. Bayan nan kuma kowace shekara, da an cire amfanin damina, dole a yi haro cikin gaggawa, domin alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta samu sanyin hunturu. Wanda ya makara, zafi zai riski alkamarsa tana fidda kai, amfanin ya ragu. Fartanya da garmar shanu ba za su iya wannan tseren a kan dubban hektoci ba. Ta wannan ƙofa tarakta ta shigo rayuwar manomin Kura, ita kuma ta shigo da lissafin gas.

A shekarun ne kuma Najeriya ta buɗe masana'antun haɗa motoci. Kamfanin Steyr ya riƙa haɗa tarakta da manyan motoci a Bauchi, a nan Kano kuma aka riƙa haɗa na Fiat. Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980. Kuɗin mai ya shigo, kuma ita kanta litar mai da kwabbai ake sayenta. Wa zai tsaya ƙirga lita a irin wannan zamani?

Me ya sa gas, ba fetur ba?

Sunan man ya samo asali ne daga wani injiniya Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki yadda ya kamata a 1897 a garin Augsburg. Injin fetur yana haɗa iska da mai, fulogi ya ba da tartsatsi su kama. Injin Diesel ba shi da irin wannan fulogin. Iska zalla fistin yake matsewa har ta koma kamar kashi 1 cikin 16 zuwa 20 na girmanta. Matsin yana sa ta yi zafi ƙwarai, da an fesa mata mai sai ya kama da kansa.

Wannan matsi mai yawa shi ne sirrin. Injin Diesel na 1897 yana mayar da kusan kashi 26 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin mai zuwa aiki, abin da injin tururi na lokacin bai ko kusanta ba. Injunan dizal na yau suna kaiwa kashi 40 ko fiye. Ga shi kuma litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Sannan injin dizal yana ba da ƙarfin ja tun yana juyi a hankali, abin da ake nema kenan a cikin taɓo ko wajen jan haro. Shi ya sa motocin daji suka koma gare shi. Land Rover ta fito a 1948 da injin fetur, a 1957 aka fitar da mai dizal. Toyota ta fito da Hilux a 1968, da Land Cruiser samfurin 70 a 1984, wadda har gobe ita ce dokin ƙarfen masu shiga Sahara.

Manomin da ya kai ƙarar tarakta majalisa

Shakkar lambar da kamfani ya rubuta ba a Kano ta fara ba. A jihar Nebraska ta Amurka, wani manomi mai suna Wilmot Crozier ya sayi tarakta mai ɗauke da sunan Ford, wadda ba ta da alaƙa da shahararren Henry Ford. Taraktar ta kasa yin aikin da aka yi tallarta da shi. Da yake Crozier ya zama ɗan majalisar jihar, sai ya jagoranci wata doka a 1919 da ta ce ba za a sayar da samfurin tarakta a jihar ba sai Jami'ar Nebraska ta gwada shi. An fara gwajin a 1920, kuma har yau ana yi. Hausawa sun riga sun faɗa, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin lura shi ne ma'aunin da suka zaɓa. Ba su tambayi nisan da tarakta za ta yi da galan ɗaya ba, aikin da galan ɗin zai yi suka auna. Ita tarakta ba tafiya aka saye ta yi ba.

Su kuwa ƙananan motoci, a ɗakin gwaji ake samo lambar shan mansu. Akan ɗora motar a kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa, babu rami, babu kaya, babu na'urar sanyaya ɗaki. A Turai masu bincike sun nuna cewa zuwa tsakiyar shekarun 2010, abin da sababbin motoci ke sha a kan titi ya ɗara na takarda da kusan kashi 40 cikin 100. Dole ta sa aka sauya tsarin gwajin a 2017. Wannan fa a kan titunan Turai kenan. To ina ga hanyar da ke tsakanin gonakin shinkafa a watan Agusta?

Abin da ƙasa ke ci

Taya idan tana birgima, akwai ƙarfin da ke riƙe ta. A kan kwalta ƙarfin nan kaɗan ne, wajen kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na nauyin motar. Mota mai tan 3 da kayanta, kamar jan kilo 45 ne kawai. A cikin rairayi mai laushi ko taɓo kuwa, tayar nutsewa take yi, kullum tana ƙoƙarin fita daga ramin da ita ta haƙa. A nan ƙarfin kan kai kashi 15 zuwa 20 ko ma fiye, wato kamar jan kilo 450 zuwa 600. Shan mai ba ya ninkawa sau goma, don a kan kwalta ma iska da gugar cikin inji suna cin nasu kason, amma ninkawa biyu ba abin mamaki ba ne. Ƙara da tafiya a ƙaramar giya, inda inji ke ta juyi motar kuma ba ta cin nisa, da tsayawa da inji a kunne ana loda kwanduna.

Mu yi misali da Hilux, wadda tankinta ke cin lita 80. Direba mai hankali ba ya ƙarar da tanki, saboda datti da ruwa a ƙasa suke kwanciya, kuma in injin dizal ya shaƙi iska sai an cire masa ita kafin ya tashi. A bar lita 10, saura 70. A ɗauka tana shan lita 9 a kilomita 100 a kan titin Kano zuwa Zariya, za ta yi kusan kilomita 780. In ta sha lita 13 a kan burji mai gargada da kaya a baya, ta dawo 540. In ta kai lita 20 a cikin taɓo, 350 kenan. Mota ɗaya, tanki ɗaya, fiye da rabin zangon ya tafi. Dalilin da ya sa ake ƙera wasu Land Cruiser da tanki biyu kenan, kuma dalilin da ya sa jarka ba ta rabuwa da bayan motar daji. Ita ma jarkar tana da tarihi: Jamusawa suka ƙera ta ta ƙarfe mai cin lita 20 a shekarun 1930, kuma daga sunan da sojojin Ingila suka laƙaba mata kalmar tamu ta fito.

Tarakta kuwa da awa ake lissafinta. Injin dizal irin nata yana shan wajen lita 0.3 a kowane kilowat na aikin awa ɗaya. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin su Massey Ferguson 375 da aka saba gani, in tana fitar da kilowat 40 wajen jan haro, lita 12 kenan a awa. In ta gama hekta a awa ɗaya, lita 12 ce kuɗin hektar. To amma gonakin wannan yanki ƙanana ne, da yawa ba su kai hekta ba, rabon gado kuma yana ƙara tsaga su. Kowane juyi a ƙarshen gona, da kowace tafiya daga wannan gona zuwa waccan, mai ne ke ƙonewa ba a nome komai ba. Sai kuma sulɓin taya. Injiniyoyi suna ganin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 daidai ne. In ƙasa ta jiƙe har sulɓin ya kai kashi 30, to cikin kowane juyi 10 na taya, 3 a banza suka tafi. Ka ga mai tarakta da manomin da ke jayayya a kan jarka, zai yiwu duk su biyun gaskiya suke faɗa. Gonar ce ba ta kasance yadda take bara ba.

Da araha ta ƙare

Shekaru da dama arahar mai ta rufe wannan lissafi. Girgiza ta farko ta zo da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, taraktocin hayar gwamnati da yawa suka kwanta. Waɗanda suka rage a hannun 'yan kasuwa aka riƙa lallaɓa su. Tsohuwar nozul ba ta fesa mai da kyau, matacin iska kuma in ƙurar hunturu ta toshe shi inji ba ya samun numfashi. Baƙin hayaƙin nan da kake gani yana tashi daga bututun tarakta, gas ne da aka biya kuɗinsa bai ƙone sosai ba.

Shi gas an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, tun kafin a janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Don haka da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin mai a duniya, kai tsaye abin ya iso gona. A farkon 2022 lita tana wajen Naira 300, kafin shekarar ta ƙare ta kai wajen 800, a 2024 kuma ta haura 1,000. A irin wannan farashi, bambancin lita 12 da lita 18 a hekta ɗaya ya wuce Naira 6,000. Ga mai tarakta da ke yin hekta 100 a kaka, riba ce ko asara. Ga ƙaramin manomi kuwa, yana iya zama bambancin shuka alkama a kan lokaci da jiran a samo kuɗin jarka.

Abin da aka yi a Nebraska da dokar jiha, mai tarakta a Bunkure zai iya yin irinsa da littafi da biro. A cika tanki fal a wuri mai daidai, a rubuta lambar agogon awa ko ta kilomita. A yi aikin, a sake cikawa fal, a rubuta litar da ta shiga da girman gonar da yanayin ƙasarta. Bayan cikawa biyar ko shida, za a ga lambar gaskiya ta wannan injin a kan wannan ƙasar, ta rani daban, ta damina daban. In maƙwabta suka haɗa gonakinsu aka yi musu haro rana ɗaya, juyi da zirga-zirga za su ragu, kuma littafin zai nuna lita nawa aka tsira da ita. Da wannan lambar ya kamata a zauna cinikin haya.