Tsaron Dare a Garaken Yamai: Daga Bin Sawu zuwa Kyamara

Garaken Yamai sun jeru ne a gaɓar kogin Kwara, daga Gudel da Yantala ta yamma har zuwa Gamkalle da Saga ta gabas, sannan a ƙetaren ruwa wajen Lamorde da Kirkisoye. Wasu kuma suna cikin kwarin Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar birnin. A nan ake noman salati, kabeji, tumatir, albasa da zogale, ga itatuwan mangwaro da gwaiba da lemo, ga fadamun shinkafa a Saga da Kirkisoye. Mai garka yana iya sa ido da rana, ya kori akuya, ya kori tsuntsu. Da dare kuwa garka takan koma hannun wasu masu ziyara, sai da safe ya tarar da ɓarna ya shiga tambayar wanda ya yi ta. Tarihin tsaron garka a wannan birni tarihi ne na neman amsar wannan tambaya.

Kafin Turawan Faransa su maido da babban birnin mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, wurin ƴan ƙauyuka ne na manoma da masunta, daji kuma yana kusa da gida. Ko a 1960, shekarar samun ƴancin kai, mazauna birnin ba su wuce kimanin 30,000 ba. A wancan zamani tsaro aikin jiki ne. Ana kewaye garka da shingen ƙaya ko darni, a kafa ƴar bukka a gefe, a hura wuta, a ɗaure kare. Idan amfani ya kusa nuna, wani daga cikin samarin gida ya kwana can da sanda da gwangwanin bugawa. Mutum-mutumi yana tsoratar da tsuntsu na ƴan kwanaki, amma dabbar dare ba ta cika kula shi ba.

Babban makamin mai garka shi ne sanin sawu. Ƙasar bakin kogi mai laushi ce, tana riƙe alamar duk abin da ya taka ta, wasu ma kan share wuri da maraice ko su barbaɗa toka a bakin rami domin su gani da asuba. Gafiya tana barin ja-in-jar wutsiya tsakanin sawunta, zomo yana yanke ganye tsaf, bushiya tana barin kashi mai ɓawon ƙwari, jemage kuwa ana gane shi da mangwaron da aka tsotse aka yar a gindin itace. Wannan ilimi na maharba ne da manoma, ana gadonsa daga uba zuwa ɗa, kuma ilimi ne na gaske. Rauninsa guda: sawu yana faɗin wanda ya wuce, ba ya faɗin abin da ya aikata. Dabbobi da yawa sun sha sanda saboda an ga ƙafarsu kusa da ɓarnar da wani ya yi.

Akwai baƙon da ba a taɓa ruɗewa da sawunsa ba, wato dorina. Yini take yi cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, tana iya tafiyar kilomita da dama ta ci ciyawa mai nauyin kusan kilo 40 kafin gari ya waye. Fadamar shinkafa ko garkar da ke bakin gaɓa ba ta jure irin wannan ziyara. A da, maganinta yana hannun Sarkawa, masuntan da suka gaji farautar dorina da mashi daga cikin kwalekwale. Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi kafin ya koma aikin fim, ya ɗauki wannan farauta a yankin Ayoru a farkon shekarun 1950, tare da abokinsa Damure Zika, wanda shi ma ɗan gidan Sarkawa ne. Kyamarar Rouch da rana take aiki, kuma sai da mutum a bayanta. Abin da dorina ke yi a gona tsakar dare bai shiga fim ba.

Dabarar barin kyamara ta yi gadi ita kaɗai daga Amurka ta fito. A shekarun 1890 wani lauya mai suna George Shiras ya riƙa ɗana kyamara a dazukan Michigan, ya ja siririyar igiya a hanyar dabba. Da zarar barewa ta taɓa igiyar sai wani garin sinadari ya kama da wuta, haske ya walƙa, hoto ya ɗauku. Hotunansa sun ci lambar zinariya a baje kolin Paris na 1900, kuma a watan Yulin 1906 mujallar National Geographic ta buga guda 74 daga cikinsu. A shekarun 1920 Frederick Champion, wani jami'in gandun daji a Indiya, ya yi amfani da irin wannan tarko ya ɗauki manyan damisoshin ƙasar masu zane a jiki. Sai a shekarun 1990 abin ya zama hanyar ƙidaya, lokacin da masanin nan Ullas Karanth ya nuna a gandun Nagarahole cewa ana iya bambanta kowace dabba da zanen jikinta, a kuma lissafa yawansu daga hotuna. Daga nan igiya ta ba da wuri ga na'urar jin zafin jiki, fim ya ba da wuri ga katin memori, walƙiyar da ke firgita dabba kuma ta koma haske na ƙasa da ja, wanda idon mutum ba ya gani.

A Nijar, masu bincike ne suka fara shigo da wannan kayan aiki, kuma nesa da garake. Ƙasar tana da wuraren da suka cancanci hakan. Gandun W, mai ɗauke da sunan lanƙwasar kogin, yana da nisan kimanin kilomita 150 kudu da Yamai. Ya zama gandun ƙasa a 1954, UNESCO ta sa ɓangaren Nijar, mai faɗin hekta 220,000, cikin kayan tarihin duniya a 1996. A Kure, kilomita 60 daga birnin, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma sun ragu har zuwa 49 a 1996, sannan kariya ta sa suka haura 600 bayan shekaru ashirin da ƴan kai. Su da ido ake ƙirga su, ana gane kowanne da zanen fatarsa. Inda tarkon kyamara ya fi nuna amfaninsa shi ne duwatsun Tarmit a gabashin ƙasar. A 2010 masu bincike na ƙungiyar Sahara Conservation Fund suka samu hoton dare na rabbin Sahara, dangin damisar nan mai tsananin gudu, dabbar da makiyaya suka san sawunta amma da wuya a yi ido biyu da ita. A 2012 gwamnati ta ayyana Tarmit da Tin Tumma a matsayin gandu mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000. Taɓarɓarewar tsaro daga baya ta rage irin waɗannan ayyuka a yamma: harin 9 ga Agustan 2020 a Kure, wanda ya kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, ya tsayar da yawon buɗe ido a can, gandun W ma shigarsa ta zama da haɗari.

Duk wannan lokaci birnin yana ta cin dajin da ke kewaye da shi. Gadar Kennedy ta 1970 ta buɗe ƙetaren kogi ga gine-gine. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa jama'a kan noman rani, garake suka ƙaru, injin ban ruwa ya fara maye gurbin guga. Ƙidayar 2012 ta nuna mazauna Yamai sun haura miliyan ɗaya. Manyan namun daji sun ja da baya, ɗan birni ya koma ganin zaki da kura a keji a gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Ƙananan kuwa sun zauna: bushiya, gafiya, mujiya, jemagu, guza a bakin ruwa. Dorina ma ba ta tafi ba. A Nuwamban 2014 wata ta kifar da kwalekwale a Libore, kusa da birnin, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne. A 2017 manoman Ayoru da ɓarna ta ishe su suka kashe dorinai sama da ashirin, a shekarar ce kuma gwamnati ta keɓe wa dorinai wurin kariya a kogin. Dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta riga ta hana kowa ɗaukar mataki da hannunsa, sai dai ya kai ƙara wurin jami'an gandun daji, kuma mai ƙara yana buƙatar shaida.

Kyamarar da ta isa hannun talaka ba ta masu bincike ba ce, ta tsaro ce, kuma asalinta daban. Jamusawa sun yi amfani da irinta a 1942 don kallon gwajin makamai daga nesa. A 1996 kamfanin Axis na Suwidin ya fitar da ta farko mai aiki ta intanet. Abin da ya karya farashi shi ne masana'antun Sin, musamman Hikvision da Dahua, waɗanda aka kafa a birnin Hangzhou a 2001, da ɗimbin ƙananan kamfanonin da suka biyo bayansu. A Yamai bankuna da ofisoshin jakadanci da otel-otel ne suka fara sa ta, sai kantuna, sai gidaje. Yau ana samunta a shagunan kayan lantarki na Babbar Kasuwa da sauran kasuwanni, har da mai farantin sola da wurin sa layin waya, wadda ke tura hoto kai tsaye zuwa salula. Mafi yawan masu garka da suka saye ta ɓarawon injin ban ruwa suke nema su kama. Dabbobin dare sun shigo hoton ne ba a gayyace su ba.

Amma an ƙera wannan kyamara don ganin mutum a ƙofa, ba bushiya a kwarin salati ba, kuma yanayin Yamai yana tona asirin mai rauni. Na farko shi ne zafi. Na'urar da ke tada kyamara mai batir tana aiki ne da bambancin zafi tsakanin jikin dabba da abin da ke bayanta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40 kuma ƙasa da bango ke riƙe zafi har cikin dare, bambancin yakan ragu, dabba ta wuce na'urar ba ta ji ba. Maciji da guza, da yake jikinsu yana bin zafin wurin da suke, a kowane lokaci ma da wuya su tada ta. Shi ya sa darare masu sanyi na Disamba da Janairu suka fi ba da hoto, kuma kyamarar da ke ɗauka ba tsayawa ta fi mai jiran motsi amfani ga mai son sanin gaskiyar abin da ke faruwa. Ita kuma sai da wuta. Yamai ta daɗe tana dogaro da lantarkin Nijeriya, kuma da aka katse shi a Agustan 2023 bayan juyin mulki, kowa ya ga bambancin kayan da ke da sola da batir da wanda ba shi da su. Garake da dama ma waya ba ta taɓa kaiwa gare su ba.

Ƙurar hunturu tana rufe gilashi, tana kuma maido da hasken dare cikin idon kyamara har hoton ya yi fari. Ƙwari suna taruwa a fitilun kyamarar, gizo-gizo ya biyo su ya yi saƙa a gaban gilashin. Alamar IP66 a jikin kwali tana nufin ƙura ba ta shiga kuma tana jure ruwa mai ƙarfi, ba ta nufin za ta tsira idan kogi ya cika ya haɗiye garka, kamar yadda ya faru a 2012 da 2020. Fitilun dare iri biyu ne: mai lamba 850 tana haskawa nesa amma tana nuna ɗan jan ido da ɓarawo ke hangowa, mai lamba 940 ba ta nuna komai sai dai haskenta gajere ne. Kyamarori da yawa suna zuwa da tsarin da ke tace motsi ya bar na mutum kawai. Idan ba a kashe shi ba, dabba ba za ta shiga memorin kyamarar da ke jiran motsi ba. Tsayin da ake kafa ta ma ya bambanta. Ta ɓarawo a sama take, ta ƙananan dabbobi kuwa daidai gwiwa, tana kallon hanyar ruwa ko gindin shinge, inda mai sanin sawu zai nuna. Tsohon ilimin bai mutu ba, domin shi ke faɗin inda za a ɗana sabon tarkon.

Amfanin da ya fi girma shi ne wanke marar laifi. Hoton dare yana nuna bushiya tana cin ƙwarin da ke lalata ganye, mujiya tana ɗauke ɓera, duk da camfin da ya sa ake jifanta. Jemage yana shan mangwaro, gaskiya ne, amma shi ke barbarar furen kuka da dare, shi ke yaɗa irin itatuwa. Sau da yawa ɓarnar da ake ɗora wa naman daji ta akuyar maƙwabci ce ko ta karnukan unguwa. Inda dorina ce, hoto mai ɗauke da kwanan wata da sa'a ya fi rantsuwa ƙarfi a gaban jami'i, yana kuma gaya wa mai kwana a garka lokacin da bai kamata ya sauka bakin ruwa ba. Iyakar abin ita ce haƙƙin maƙwabci: tun 2017 Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, akwai kuma hukumar da ke kula da ita, kuma kyamarar da aka juya ta kalli gidan wani ko hanyar da mata ke bi zuwa kogi ta fita daga aikin garka. Ga mai garkar Yamai, kyamara mai sola da katin memori, wadda ƙura ba ta shiga kuma aka kafa ta ƙasa-ƙasa cikin shingensa, ta fi mai tsada da ke jiran wutar gari da intanet.