Yaƙin Masu Lambu da Rairayi: Daga Jigo zuwa Tiyo

Daga Yashe, inda hanyar Funtuwa ta haɗu da titin Kano zuwa Katsina, har Kankia da Kusada, ƙasa ce ta jigawa, rafukanta kuma na damina ne. Kaka na wucewa sai su ƙafe, ruwan ya ɓuya a ƙarƙashin yashi. Masu lambu na zamanin da sun san inda yake. Sukan haƙa rijiya marar zurfi a fadama, su kafa jigo, su riƙa juye guga a bakin 'yar hanyar da ke ratsa fangali bayan fangali na albasa da tattasai.

Sai dai ruwan ba ya zuwa shi kaɗai, da laka da rairayi yake tafe. Muddin yana gudu, yana ɗauke da su. Inda hanya ta lanƙwasa ko gangarenta ya ragu, sai rairayi ya fara kwanciya saboda nauyinsa, laka kuma ta wuce gaba ta zauna a ƙarshen lambu. In gangaren ya yi yawa, ruwan ya ci gefen hanyar. Shi ya sa mai lambu ba ya rabuwa da fartanya, kuma yasar rijiya ta zama sana'a mai zaman kanta.

Wannan ma'auni da manomi ke yi da ido, injiniyoyi sun sa shi a lissafi. A 1895, R. G. Kennedy ya auna magudanan noman rani na Bari Doab a yankin Punjab na Indiya, ya nuna cewa kowace magudana tana da saurin da ya dace da zurfinta, wanda ba ya barin laka ta taru, ba ya kuma zaizaye ƙasa.

Manyan magudanai sun iso Arewa ne bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai suka shigo, fari kuma ya addabi mutane. An kammala madatsar Tiga a 1974, aka ja ruwanta zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. A ƙasar Katsina aka gama ta Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-ma, a 1983, amma aikin magudananta ya daɗe bai kammala ba. Inda aka gama kuwa, tsohuwar matsalar jigo ce ta dawo da girma. Laka ta riƙa taruwa, kachalla ta tsiro a kanta, ta ƙara rage gudun ruwa, wata lakar ta sake zama. Manoman da ke ƙarshen layi su ne suka fi shan wuya. Yasar irin waɗannan magudanai ta kasance cikin manyan ayyukan shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014.

Abin da ya fi sauya rayuwar ƙananan manoma shi ne injin ban ruwa da 'yar rijiyar bututu, waɗanda hukumomin raya aikin gona suka yaɗa a shekarun 1980, shirin Fadama kuma ya faɗaɗa su daga 1993. A nan rairayi ya zama abokin aiki: ana tura ruwa da ƙarfi cikin bututu, ya kwance yashin da ke ƙasa, ya fito da shi sama, bututun na nutsewa. A gindinsa ana yin ƙananan tsagu domin ruwa ya shiga, yashi ya tsaya. Amma ko ƙwayoyin da suka fi tsagar ƙanƙanta suna iya toshe ta idan suka iso tare, su cije da juna kamar jama'a a ƙofar masallacin Juma'a bayan sallama. Waɗanda suka kuɓuce kuma su ne ke cinye farfelar inji.

Yanzu ana tallata wa manoma ban ruwa na ɗigo, dabarar da ta bunƙasa a Isra'ila a shekarun 1960. Kafofin tiyonsa ba su wuce milimita ɗaya ko kusa da haka ba, don haka dole a sa matata a bakin inji, a kuma riƙa buɗe ƙarshen kowane tiyo lokaci-lokaci domin ruwa ya kore lakar da ta kwanta a ciki.