Musun "Wa Ya Fi?": Tarihin Jeranta Makaɗan Hausa da Matsayin Masu Kiɗan Tsirkiya

1.0 Gabatarwa

Akwai wani daɗaɗɗen musu da ba ya ƙarewa a majalisun hira na ƙasar Hausa, watau musun wane makaɗi ya fi wane. A ƙasar Kura da Bunkure, inda noman rani ke tara mutane daga sassa daban-daban, akan ji shi a gindin bishiya lokacin hutun rana, da rumfunan 'yan shinkafa, da teburin mai shayi. Wani ya ce Shata, wani ya ce Narambaɗa, wani ya kafe a kan Ɗanƙwairo. Abin lura shi ne, da wuya a ji an kawo sunan mai goge ko mai kukuma a sahun farko. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin wannan musu, ta nuna cewa ma'aunin da ake auna makaɗa da shi ya sha sauyawa, amma a duk sauye-sauyen nan baki ake aunawa, hannu kuwa an bar shi a baya. Za a kwatanta wannan da al'adar Amurka ta jeranta gwanayen jita, domin a ga abin da muka riƙe da abin da ya kuɓuce mana.

2.0 Ma'aunin Fada

Kafin zuwan rediyo, darajar makaɗi ba ta dogara ga ra'ayin jama'a ba sosai. Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci: kayan kiɗan da yake riƙe da su, da kuma wanda yake yi wa kiɗan. Tambari da kakaki na sarki ne. Kotso da taushi da jauje su ma na fada ne da masu sarauta. A ƙasa da su akwai makaɗan sana'a, kamar masu kalangu na mahauta, da masu gangar noma, da masu dundufa na maƙera. M.G. Smith ya yi bayanin wannan tsari a nazarinsa na roƙo a 1957, haka kuma Ames da King a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971.

Bisa ga haka, makaɗi yakan hau ne da hawan ubangidansa. Ibrahim Narambaɗa ya fara da kiɗan noma, sa'an nan ya zama makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Musa Ɗanƙwairo (1909-1991) shi ma a gidan kiɗan noma ya tashi, kafin ya shiga fadar Maradun, har ya kai ga yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa. Salihu Jankiɗi kuwa taushi ya kaɗa wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Kayan tsirkiya ba su sami gurbi a wannan tsani ba. Goge da garaya an danganta su da bori da wuraren shaƙatawar dare. Malaman jihadin 1804 sun amince da ganga don yaƙi da shela, amma sun soki kiɗan nishaɗi irin na goge da molo. Saboda haka mai goge, komai gwanintarsa, ya gaji ƙasƙanci tun kafin ya ja izga.

3.0 Ma'aunin Rediyo da Kaset

Rediyo ne ya fara rushe wannan tsari. Da aka buɗe gidan Rediyon Kaduna a 1962, sai manomi a Kura ya iya sauraron makaɗin fadar Isa da makaɗin dandali na Katsina a zama ɗaya. A nan ne musun "wa ya fi" ya sami gindin zama, domin ba a kwatanta abin da ba a ji tare ba.

Shekarun 1970 sun ƙara wa musun ƙarfi a wannan yanki. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Baƙo ta tsayar, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Ruwa ya gangaro ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman alkama da tumatir da shinkafa ya kankama. Wannan ya haifar da abubuwa biyu da suka shafi kiɗa. Na farko, kuɗi sun shiga hannun manoma a daidai lokacin da rediyo mai batir da rakoda suka bazu, mutum ya iya sayen kaset ɗin makaɗin da yake so, ya maimaita shi har ya haddace. Na biyu, aikin ƙwadago na kuɗi ya riƙa maye gurbin gayya, makaɗin noma kuwa a gayya yake cin abinci. Watau a fili ɗaya makaɗin ƙauye ya ja baya, makaɗin kaset ya ci kasuwa.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan zamani shi ne Alhaji Mamman Shata (1923-1999). Bai gaji kiɗa ba, kalangun da ake yi masa amshi da shi kuma ba na fada ba ne. Duk da haka ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da soja. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Daga nan masu musu suka kasu gida biyu. Magoya bayan Shata suna kafa hujja da yawan waƙoƙi, da faɗin jigo, da iya ƙirƙira nan take. Magoya bayan Narambaɗa, wanda ya rasu wajen farkon shekarun 1960, suna kafa tasu da zurfin azanci, da tsarin ɗiya, da nauyin kalma. Kowane ɓangare yana da Bakandamiyar da yake tinƙaho da ita. Sai dai idan aka duba hujjojin nan duka, za a ga a kan harshe suke. Babu mai cewa komai a kan masu kalangun Shata ko masu kotson Narambaɗa.

4.0 Yadda Amurkawa Suke Nasu Musun

A Amurka musun ya ɗauki wata hanya. Mujallar DownBeat ta fara tambayar masu karatunta su zaɓi gwanayen kiɗan jaz tun 1936, ta ƙara da zaɓen masharhanta a 1953, kuma kowane kayan kiɗa da rukuninsa. A kiɗan bulus da rok, gaɓar da mawaƙi kan yi shiru mai jita ya yi kiɗa zalla ta zama abin aunawa mai zaman kanta. A jerin gwanayen jita 100 da mujallar Rolling Stone ta fitar a 2003, Jimi Hendrix ne na ɗaya, Duane Allman na biyu, B.B. King na uku. A jerinta na 250 na 2023, Hendrix bai gusa ba, amma Chuck Berry ya koma na biyu.

Irin wannan jeri ba hukuncin ilimi ba ne. Sauyawar matsayi daga shekara zuwa shekara ta isa shaida cewa ra'ayin masu zaɓe ne da bukatar kasuwa. Amma yana da amfani guda da bai kamata a raina ba: ya tilasta wa masu sauraro su samar da kalmomin bayyana aikin hannu, ya kuma sa ana rubuta sunan wanda ya kaɗa, da inda aka ɗauka, da shekarar ɗauka.

Daɗin daɗawa, wannan kiɗa na Amurka ba bare ba ne gare mu ƙwarai. Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 a kan Afirka da kiɗan bulus, ya danganta wasu sigogin bulus da salon masu kiɗan tsirkiya na yankin Sudan ta yamma da ta tsakiya, har ya kawo misali da kiɗan goge na Hausa.

5.0 Gwanayen Tsirkiya

Ƙasar Hausa ba ta rasa gwanayen hannu ba. Kukuma, ƙanen goge, ta yi tashe a hannun Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka. Haruna Uji na Haɗeja ya shahara da gurmi. Adamu Ɗanmaraya Jos (1946-2015) ya zagaya ƙasashe da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya. Duk wanda ya saurari waɗannan da kunnen basira zai ji cewa suna da gaɓoɓin da baki ke tsayawa, tsirkiya ta karɓi zance: tana maimaita karin sautin amshi, tana karya shi, tana kiran taken mutum. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, izga tana iya faɗin jimla mai sauraro ya gane. Wannan fasaha ce ta harshe, ba ta kiɗa kaɗai ba.

Amma ko Ɗanmaraya, da ya fi sauran samun karɓuwa wurin malamai, don gargaɗinsa da wa'azinsa aka yabe shi. Laifin a nan har da mu manazarta. Tun daga kundin digirin Ɗandatti Abdulƙadir a kan Shata a 1975, zuwa ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau, an gina ingantaccen tsarin nazarin waƙar baka, kuma an ambaci kiɗa a cikinsa. Sai dai akasarin ɗalibai sukan juye kalmomi a takarda, su feɗe jigo da salo, kiɗan kuwa su taƙaita shi a layi ɗaya.

Wani abin dubawa kuma shi ne dawowar tsirkiya ta arewa. Kura ta daɗe da sanin Buzaye, domin marinanta ne ke rina turkuɗin da ake kai wa Agadas. Daga wannan ƙasa ta Buzaye ne jita mai lantarki ta fito da Bombino, wanda aka sa cikin 'yan takarar lambar Grammy a 2019, da Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008 bisa salon waƙoƙin finafinan Hausa. Duniya tana tattauna yatsun waɗannan, alhali waƙoƙinmu na zamani sun dogara ne ga fiyano da kwamfuta, masu kukuma da gurmi kuma suna ta raguwa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa musun "wa ya fi" ya ratsa ma'aunin fada, sa'an nan ma'aunin rediyo da kaset, kuma a duka biyun harshe ne ya yi rinjaye. Ba a bukatar mu kwaikwayi jerin Amurkawa, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da ake bukata ayyuka ne guda uku. Na ɗaya, a kwafe tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset da ke gidajen rediyo da hannun 'yan kasuwa kafin su lalace, a rubuta sunayen makaɗan da ke bayan kowane mawaƙi. Na biyu, a tattara kalmomin da masu goge da kukuma da gurmi suke amfani da su a tsakaninsu wajen yabon hannu ko kushe shi, tun masu su suna raye. Na uku, sassan Hausa na jami'o'i su ba ɗaliban babban digiri damar ɗaukar kiɗan tsirkiya a matsayin batun bincike. Idan an yi haka, mai musu a Kura zai iya kawo sunan Garba Supa kusa da na Shata, ya kuma sami hujjar da zai kare zancensa da ita.