Yadda Ƙalubale Ya Bar Fagen Dambe Ya Shiga Ofis

A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, kaka ce lokacin wasa. In gero da dawa sun shiga rumbu, sai makaɗa su fito, a share fage. A dambe, wanda ya ji ƙarfinsa ya kawo yakan ɗaure hannu ya ratsa fili, ya tsaya gaban wanda yake so su kara, ya miƙa masa dunƙule. 'Yan kokawa na da tasu alamar, haka ma samarin Fulani a wurin sharo. Abin da kakanninmu suka sani da ƙalubale ke nan: kira ne na fito-na-fito, a bainar jama'a, kuma wanda aka yi wa, ko dai ya miƙe ko ya kwashi kunya. Danginsa su ne takala da tsokana da cika baki, amma ya fi su mutunci, don mai tsokana yana iya tsokana ya ruga, mai ƙalubale kuwa ya riga ya jefa kansa cikin fage. Da wannan ma'anar malaman tafsiri ke amfani in sun zo ayar Suratul Baƙara da aka nemi masu shakka su kawo sura guda irin ta Alƙur'ani.

Yau kuwa kunna rediyo ka ji: ƙalubalen tsaro, ƙalubalen ruwan sha, ƙalubalen takin zamani. Ba ɗan dambe, ba makaɗi, ba wanda aka miƙa wa dunƙule. Wannan sabon aiki aro ne daga kalmar Turanci challenge, wadda ita kanta sai da ta sha tafiya kafin ta kawo haka.

Tushenta kalmar Latin ce, calumnia, wato ƙazafi ko sharri. Ta bi ta tsohon Faransanci, ta ƙetara Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, kuma a farkon zamanta can zargi take nufi ko tuhuma. Lauyoyinsu har gobe suna riƙe da wani reshe na wannan, in suna ja da wata hujja ko wani hukunci. Daga baya ta zama kiran da mai takobi kan yi wa abokin gaba su fito su raba raini, wanda shi ne daidai da namu na dambe. Sojan da ke gadi ma, in ya daka wa mai tahowa tsawa ya faɗi ko shi wane ne, da ita ake kiran abin da ya yi. Ma'anar aiki mai wuya da ke gwada ƙwazon mutum ita ce auta, a ƙarni na 20 ta yi ƙarfi. Masanin tarihin nan na Ingila, Arnold Toynbee, wanda ya fara fitar da babban littafinsa a 1934, ya taimaka mata, don ya gina ra'ayinsa ne a kan cewa al'umma na ɗaukaka gwargwadon yadda ta tunkari wahalar da ta taso mata. 'Yan siyasa da manyan kamfanoni suka ga ta fi kalmar matsala daɗin ji, suka rungume ta.

Ta ƙofar ƙwallo talakan Arewa ya fara sabawa da ita. A 1871 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta ƙirƙiro gasar da cikakken sunanta ke ɗauke da wannan kalma, shi ya sa har yau masu sharhin wasanni ke ce mata gasar cin kofin ƙalubale. Najeriya ta kwaikwaya a 1945 da Kofin Gwamna, wanda 'yan wasan Kano suka ɗauka a 1953, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke cikin lardin Kano. Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka sake masa suna Challenge Cup, ya daɗe da shi har ƙarshen shekarun 1990. A nan fassarar ta zauna daram: ƙungiya biyu, fili ɗaya, dole ɗaya ta faɗi.

Ƙofa ta biyu makaranta ce. Yaran da suka bi ta Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda Aliko Dangote ya yi sakandare, da ire-irenta, sun koyi Turanci da ƙamus a hannu, kuma ɗalibi bai cika son amsa biyar ba in ɗaya za ta fisshe shi a jarrabawa. Ya haddace cewa wannan kalma ita ce ƙalubale, shi ke nan. Waɗannan ɗalibai su ne suka zama malamai da akawuna da 'yan jarida.

Amma a ganina babban abin da ya jawo wannan sauyi shi ne ɗakin labarai. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma mako-mako ko wata-wata mai fassara na da sukunin ya juya magana har ta zama ta Bahaushe. Rediyo bai san wannan sukuni ba. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo a 1962, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Labari na shigowa da Turanci, agogo na tafiya, sai mai fassara ya cafki kalmar da ta fi kusa da hannu. Da shugaban wata ƙasa ya ce tattalin arzikinsu na gaban challenge, sai a ce yana fuskantar ƙalubale. Ita kanta "fuskantar" da ke rakiyarta ko'ina, tare suka shigo. Manomi a Basirka ko ɗan tireda a kasuwar Sara da ke jin wannan safe da yamma, shekara da shekaru, ba zai ɗauke ta baƙuwa ba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, harkar gwamnati ta matso kusa. Yankin Birnin Kudu ya ba jihar gwamna biyu: Ali Sa'ad Birnin Kudu, farar hula na farko, daga 1992 zuwa 1993, da Sule Lamido na Bamaina, daga 2007 zuwa 2015. Siyasa ta kawo kotunan zaɓe, inda wanda ya faɗi ke ƙalubalantar wanda ya ci, kuma wannan amfani ba shi da aibu, don akwai mai ƙara akwai wanda ake ƙara. Amma ta kuma kawo jawaban da ake rubutawa da Turanci a karanta da Hausa, da tarukan ƙungiyoyin agaji, inda kowane rahoto ke da shafin nasarori da shafin ƙalubale.

Wani abin dariya, samarin TikTok da Facebook sun fi manyan ofis kusa da tsohuwar ma'ana. Tun wasan kwara ruwan ƙanƙara da ya zagaye duniya a 2014, abin da suke kira calenj shi ne mutum ya yi wata bajinta ya ambaci sunan wani ya ce in ya isa ya yi. Ɗan dambe zai gane wannan nan take.

Harshe ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba wanda zai iya mayar da kalmar nan fage ya kulle. Abin da ke damuna shi ne kalmomin da ta danne. Hausa na da matsala, da cikas, da tangarɗa, da tarnaƙi, da wahala, da masifa, da sakaci, kowace da nauyinta. Tangarɗa ta ɗan lokaci ce. Cikas yana da mai kawo shi. Jarrabawa ta Ubangiji ce, haƙuri ake ba wanda ta sama. Sakaci kuwa dole a tambayi na wane ne. In aka zuba su duka a buhu ɗaya aka rubuta ƙalubale, mai sauraro ba ya sanin wanda zai tambaya. A Agustan 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasu. Duk ɗan jaridar da zai ba da irin wannan labari, ya kira karyayyar gada da sunanta, ya nemi wanda gyaranta ke wuyansa, ya bar wa 'yan dambe da lauyoyi ƙalubalensu.