Wa ke tambaya, wa ke amsawa? Tarihin bincike tare da jama'a a Nijar

A ganinmu, kuskure ne a ce bincike tare da jama'a ya shigo Nijar da hanyar MARP a shekarun 1990. Tun a 1954 Jean Rouch ya koma Ayoru, tare da Damure Zika, ya nuna wa masunta Sarkawa sinimar da ya ɗauka ta farautar dorina. Suka ce kiɗan da ya sa bai dace ba: dorina na da kunne, in ta ji kiɗi sai ta gudu. Rouch ya cire kiɗan. A nan waɗanda aka yi nazarinsu ne suka gyara aikin mai nazari.

Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Jori Hamani ta kafa UNCC a 1962, kuma da taimakon cibiyar IRAM ta Faransa aka soma aikin wayar da kan mutanen karkara, wato animasiyo, a yankuna irin su Matamaye. Kowane gari ya zaɓi wakilansa, aka zauna da su don jin matsalolinsu. Manoma suka yi magana a kan haraji da maguɗin awo a kasuwannin gujiya. An saurare su, amma rahoton da Faransanci aka rubuta shi, kuma a Yamai ake yanke shawara. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974, samariya ta zama hanyar isar da umarnin gwamnati zuwa karkara fiye da hanyar jin ta bakin talaka.

Da MARP ta zo, bisa tunanin su Robert Chambers, an ga ƴan ƙauye na zana taswirar garinsu a ƙasa, suna jera bukatunsu da duwatsu. Sai dai mutanen da suka ga furoje bayan furoje sun san amsar da baƙo mai mota yake so. A taron bainar jama'a kuwa, gaban maigari, wace mace ko wane ɗan bayi zai kawo maganar rikicin gona?

Wannan giɓi ne Olivier de Sardan da Thomas Bierschenk suka nufa da hanyar ECRIS, wadda ke farawa daga saɓanin da ke tsakanin rukunonin gari maimakon ɗaukar gari a matsayin baki ɗaya. Cibiyar LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, ta ɗauki wannan hanya, masu bincike ƴan ƙasa suna hira da mutane ɗaya-ɗaya cikin harshensu.